“Gwamnati ce ta haifa maka?”

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu mu ɗalibai, a fada, a layin resto, har cikin shirye-shiryen rediyo na dare inda ake buɗe layi ga masu saurare. Da zarar an taɓo kyautar magani ga yara ƙanana, ko abincin lakol, ko ɗan kuɗin da ake raba wa matan karkara, sai wani ya aje kofin shayi ya ce: “Wanda ya haifa shi ya ciyar. Gwamnati ce ta haifa maka?” Sai a yi dariya, a tafa, a wuce zuwa zancen ƙwallo. Ni dai ina so mu tsaya a kanta tukuna, don maganar tana da gaskiya a cikinta, kuma wannan gaskiyar ce ke hana mu lura da abin da take jawowa a bayanta.

Gaskiyar ba ɓoyayya ba ce. Ƙidayar 1988 ta same mu miliyan bakwai da ɗoriya, ta 2001 miliyan goma sha ɗaya, ta 2012 miliyan goma sha bakwai. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta. Kowa cikinmu ya san magidancin da in damana ta yi kyau, kafin ya gyara rumbu ya riga ya kai kuɗin gaisuwa gidan wata. Mun san wanda ya tafi biɗa Libiya ko Abijan ko Ikko, shekara uku babu aike babu waya. Mun san wanda ya saki mace da ɗiya biyar, ta koma gidan tsohonta da su, shi kuma bai sake tambayar ko sun ci ba. In ka yi masa magana sai ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kamar Allah bai ɗora masa neman abincin ba.

Kuma abin ya wuce zancen cikin gida. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada a arewacin Arlit, kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara daga wajajen Kance. A watan Maris na 2022, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna ƴan ƙasarmu suna bara a titunan Dakar, gwamnati ta ɗauki hayar jirgin sama ta kwaso mutum fiye da dubu, su ma galibi mata da yara daga jahar Damagaram. An san cewa wasu yaran ba ma na matan da ke riƙe da su ba ne, aro ne, ana biyan iyayensu. Uban da ya yarda a ɗauki ɗansa mai shekara biyar a ratsa Sahara da shi don ya miƙa kwano, wallahi ba ni da wata kalma mai taushi da zan faɗa a kansa. Har nan ni da masu wannan magana tafiyarmu ɗaya.

Inda muke rabuwa shi ne lokacin da aka mai da maganar ta zama shawara. Me ake so a yi? A daina biya. A bar kowa da nasa, in ya ji jiki zai yi hankali. To amma jikin wa zai ji? Uban yana kasuwa ko yana Tamanraset. Wanda zazzaɓi ke kamawa cikin watan Satumba ɗan shekara biyu ne.

Bari in kawo wani abu daga nesa kaɗan, wanda ƴan uwanmu da suka samu karatu a Maroko ko Turkiyya suka sani, da kuma iyayenmu masu zuwa Umra. Kamfanonin jiragen sama suna da wata doka cikin ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa: tikitinka zango-zango ne, kuma dole ka bi zangunan a jere. A ce ka sayi na zuwa da dawowa, Yamai zuwa Kasablanka. Ranar tafiya motar da ta ɗauko ka daga Tawa ta lalace a Dogon Dutsi, jirgi ya tashi ba kai. Ka yi ta maza ka sayi wani tikitin zuwa, kana cewa ai na dawowa yana nan, na riga na biya. Ranar dawowa sai a duba kwamfuta a ce maka babu sunanka. Rashin hawa zangon farko ya soke duk sauran, kuɗinka kuwa sun zauna, kujerar kuma an sayar wa wani. Haka in tikitin mai tsayawa ne a hanya: ba ka da ikon ka ce zan hau daga tsakiya.

Su kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba hauka ba ce. Ba nisan tafiya suke sayarwa ba, abin da kowane fasinja zai iya biya suke auna. Shi ya sa a jirgi guda, a layi guda, wani ya biya ninkin na maƙwabcinsa. Shi ya sa wani lokaci zuwa da dawowa ya fi zuwa kaɗai araha, kuma tafiya mai tsayawa a wani gari ta fi wadda ta miƙe sauƙi, ko da yake ta fi cin mai. Suna tsoron masu wayo su sayi mai arahar su yi amfani da rabinsa, don haka suka sa wannan tarko. Kamfanin Lufthansa har kotu ya kai wani fasinja a Jamus saboda ya sauka a tsakiyar hanya bai ƙarasa zangonsa na ƙarshe ba. Amma tarkon ba ya bambanta mai wayo da wanda mota ta mace masa. A 2018 kotun ƙoli ta Sipaniya ta yanke cewa wannan sharaɗi a yarjejeniyar kamfanin Iberia zalunci ne ga mai saye, ta soke shi.

Duk ɗalibin da na ba wannan labari sai ya ce kai, wannan ai fashi ne. Na yarda. Sai dai shi fasinjan aƙalla baligi ne, da hannunsa ya biya, kuma an rubuta masa sharaɗin ko bai karanta ba. Yaron da aka haifa a wani ƙauyen Magariya ko Madarumfa bai sa hannu a kan komai ba, amma irin wannan dokar muke so a ɗora masa, kuma tun yanzu ma tana aiki a kansa. Zangonsa na farko kwana dubu ne, daga shigar ciki zuwa shekara biyu. In tamowa ta cinye waɗannan kwanakin, tsawon jiki da ƙwaƙwalwa suna tauyewa ta yadda abincin da zai ci daga baya ba ya mayar da su duka. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi kusan kowace shekara a ƙasar nan yana nuna fiye da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar suna da wannan tsumburewar, kuma Maraɗi da Damagaram, rumbunan ƙasa, kullum suna cikin na gaba. Sai takardar haihuwa: in uba bai je ya shaida ba cikin wa'adi, dole sai an bi ta wurin alƙali, in ba a bi ba kuwa ranar jarrabawa ce za a tuna, lokacin da mushe ke haɗa takardu. Sai shekarun shiga aji ɗaya, waɗanda in sun wuce sun wuce. Kowane ɗaya cikin waɗannan wani babba ne ya yi sakaci, yaron kuma aka soke wa sauran tafiyar.

Yanzu mu dubi bakin da maganar ke fitowa. Mu ne fa. Mu da ke Abdou Moumouni, da Dan Dicko Dankoulodo, da André Salifou, da Djibo Hamani. Wane ne cikinmu yake biyan ainihin kuɗin farantin da yake ci a resto? Wane ne yake biyan ainihin hayar gadon da yake kwana a kai, ko kuɗin man motar da ke kawo shi amfi? Masu bursu suna jiran ANAB, marasa bursu suna jiran tallafi, kuma in abin ya yi jinkiri duk gari sai ya sani. Muna da tarihi a kan wannan, muna alfahari da shi, kowace shekara muna tuna ƴan uwanmu da aka kashe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990. Ban taɓa jin an tashi a babban taron ɗalibai an ce “ubanka ya haife ka, shi ya biya maka” ba. Mai faɗin haka da ƙyar zai fita daga zauren da rigarsa. Alhali mu gemu gare mu. A fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai, ciyar da ɗa namiji yana kan uba ne har ya balaga yana da ikon nema, ta mace kuma har ta tare gidan miji. Ke nan yawancin mazan da ke cikinmu ko a wuyan ubanninsu ba su da sauran haƙƙi, balle a wuyan baitulmali. Kuma abin da ƙasa ke kashewa a kan ɗalibin jami'a ɗaya a shekara zai riƙe ƴan firamare da dama.

Kar wani ya ce na ce a yanke bursu. Ni ma ina cikin layin. In aka tambaye mu dalili mukan ce jari ne ƙasa ke zubawa, gobe mu ne likitoci da malamai da injiniyoyi. Daidai ne. To kunun da ake dama wa yaro a lakol ɗin makiyaya, wanda shi ne ke sa uwarsa ta bar shi ya zauna a aji maimakon ya bi awaki, shi me ne ne? Namu jari, nasu lalaci?

Ba mu kaɗai ba ma. Ma'aikacin da ke da albashi ana rage masa haraji gwargwadon iyalin da ke wuyansa, kuma akwai kuɗin iyali da ake biyan ma'aikata a kan ƴaƴansu, na kamfanoni ta hanyar CNSS. Wannan tsari ya daɗe, ba wanda ya taɓa kiransa sangarta iyaye. Sai in kuɗin zai shiga hannun matar da ba ta jin Faransanci ake tuno da tarbiyya.

Wasu kan jingina maganar da addini, su ce ai nauyi na uba ne. Nauyi na uba ne, ba musu. Amma waɗanda suka karanta tarihin Sayyidina Umar sun san labarin da ake bayarwa: ya sa wa yara kaso daga baitulmali, sai dai ba a fara ba yaro sai an yaye shi. Wani dare yana zagaye ya ji jariri yana ta kuka, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne don ya shiga cikin masu karɓa. Da gari ya waye ya canza dokar, ya ce a rubuta kowane yaro tun ranar haihuwarsa. Abin lura a nan, dokar ce ta sa uwar ta yi abin da bai dace ba, kuma da ya gane haka bai rufe asusun don ya hora ta ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu wannan ra'ayi suke da ita ita ce: in ka ɗauke wa mutum nauyin ɗa, zai ƙara haihuwa. A kan takarda tana da kyau. Mu dubi abin da ake bayarwa ɗin. Shirin tallafin da aka fara da kuɗin Bankin Duniya wajen 2011 ya riƙa ba gida jika goma a wata, tsawon shekara biyu, a hannun mace. In bazara ta yi tsanani jika goma ba ta sayen rabin buhun hatsi. Wace mace ce za ta ɗauki ciki wata tara, ta yi naƙuda a kan amalanke, don wannan? Sannan a 1992, lokacin da babu kyautar magani babu tallafi, binciken ƙasa ya samu mace tana haihuwar bakwai ko fiye, kuma cikin yara dubu 318 ba sa kai shekara biyar. An fara tiyatar haihuwa kyauta a 2005, maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki a 2006. Zuwa 2012 mutuwar yaran ta sauko 127 cikin dubu. Haihuwa a wannan shekarar tana 7,6, wato ba ta sauka ba tukuna, amma binciken 2021 ya same ta 6,2. Kuma a dubi taswira: a 2012 matan Maraɗi da Damagaram sun haura takwas, na Yamai biyar da ɗoriya. Ina ne gwamnati ta fi zuba asibitoci da makarantu da famfo? Da taimakon hukuma ne ke sa haihuwa, da Yamai ce kan gaba. Wanda ya binne uku cikin takwas ba ya ƙidaya kamar wanda bai binne ko ɗaya ba, kuma yarinyar da ke aji har ta yi brebe ba a ɗaura mata aure tana sha huɗu. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin sha takwas, wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ɗauka ina wanke gwamnati. Masu cewa tana kashe kuɗi da yawa a kan ƴaƴan talakawa sun ɗauki sanarwa a matsayin biya. Yadda tsarin kyautar yake, likita zai duba yaro ya ba shi magani, ya rubuta takarda, daga baya baitulmali ya mayar wa asibitin kuɗinsa. Shekara da shekaru wannan mayarwar tana makara, bashi ya taru, ɗakin magani ya bushe. Sai uwa ta zo da yaro a goye, a duba shi kyauta, a miƙa mata takarda ta je ta saya a waje. Sunan kyauta yana kan gwamnati, kuɗin kuma daga ɗan kunnen da ta sayar ya fito. Yunwar 2005, wadda ta sa duniya ta san sunan Maraɗi, ƙungiyoyin waje irin su MSF ne suka ɗauki kaso mai yawa na jinyar dubban yaran da tamowa ta kama, kuma har yau wannan fanni bai daina dogaro da kuɗin baƙi ba.

Ga kuma jirgin 2022. Tikitin Yamai zuwa Dakar abu ne da malamin firamare zai haɗa albashin fiye da wata guda kafin ya saya, saboda haraji da kuɗin filin jirgi da ƙarancin masu gasa tun bayan mutuwar Air Afrique a 2002. Matan da suka je can a ƙasa, mota bayan mota, su ne aka ɗauko a sama cikin ƴan kwanaki, bayan ƴan watanni kuma aka sake yin haka daga Ghana. Kuɗi sun samu nan da nan, don abin ya zama abin kunya a idon duniya. Ban ce kar a kwaso su ba. Amma talaucin da ya kore su yana nan tun kafin kyamara ta gan shi, kuma jirgi bai ƙara wa gonar kowa taki ɗaya ba a Kance. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido da ƴan ƙasarmu ayari-ayari ta Asamaka, hanyar kuwa ba ta mutu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da “wanda ya haifa shi ya ciyar” shi ne, da gaske ake yinta da uban aka nufa. Amma ba na jin masu faɗinta suna tambayar me ya sa matar da aka saka ba ta iya samun kuɗin ciyar da ɗiyanta daga tsohon mijinta. Ƙasar nan har yau ba ta da kundin dokar iyali, duk yunƙurin da aka yi ya watse cikin gardama. Aure da saki da riƙon yara suna tafiya ne bisa al'ada da addini, a gaban mai gari ko malam ko alƙali, kuma ko an yanke wa uba abin da zai riƙa bayarwa, wa zai bi shi ya karɓo? Ita matar kunya ma ba za ta bar ta ta kai uban ƴaƴanta ƙara ba, danginta za su ce ta tona asiri. Dokar hukunta laifuka ta hana sa yara bara. Ke nan abin da za a kama uba da shi yana nan a rubuce, a littafin addini da na nasara duka. Masu maganar sun tsallake wannan duka, sun je sun tsaya a kan kwanon yaro, don shi ne ba ya da bakin ramawa.

Lissafi biyu ne, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗu. Na yaro daban: a yi masa allura, a ba shi magani, a rubuta sunansa, a sa shi aji, ba tare da an tambayi halin ubansa ba, kamar yadda ba a tambayi halin namu ubannin ba ranar da aka ba mu katin resto. Na uba daban, kuma shi ma a buɗe shi da gaske. Ba abu ne mai wuyar ganowa ba. Mai gari yana karɓar haraji gida-gida, yana da katin iyali na kowa, ya san matar wa ta fita da yara nawa, ya san ranar da ta fita. In an sauke mata da yara a filin jirgin Diori Hamani ko a Agadas ana rubuta sunayensu da garuruwansu, a ɗauki wannan takardar a koma da ita ƙauyen, a buɗe katin iyalin, a kira mutumin da sunansa ke sama ya zo ya yi bayani a gaban alƙali.